Tafiyar da muka yi neman asibitin haihuwa

Tun duhun asuba muka kama hanya ni da maigida, jakar takardun asibiti a kan cinyata, duk wani awo da aka taba min yana ciki har wadanda rubutunsu ya goge. Inda muke babu cibiyar da take yin IVF, wato dashen kwai, dole sai babban birni, kuma tafiyar mai cin wuni ce. Shi yana tuki ya yi shiru, ni kuma ina ta kara tambayoyi a bayan ambulan don kar in je gaban likita baki ya mutu. Abin da ke kwantar min da hankali shi ne ba mu kadai ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na haduwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma aikin ba sabo ba ne, tun 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila ta wannan hanyar.

Asibitin farko kam ya hadu, ko'ina kyalli, bango cike da hotunan jarirai, ina shiga idona ya ciko. Matar da ke karbar baki ta fada mana kason nasararsu, adadi babba. Na ce mata, wannan na masu daukar ciki ne ko na wadanda suka haihu suka tafi gida da jariri, kuma masu shekara nawa? Ta ce likita zai yi bayani. Likitan bai yi ba, ko kallon maigida bai yi ba, sai lissafo karin ayyuka da za a biya daban, sannan ya ce zai mayar min da kwai da yawa in samu 'yan biyu in huta. Raina bai so ba wallahi, domin cikin 'yan biyu ya fi zuwa da bakwaini da hawan jini, ai ya kamata ya fada min wannan kafin ya kwadaita min.

Muka kwana a masauki, barci rabi da rabi. Washegari muka tsallaka daya gefen birnin cikin cunkoso zuwa asibiti na biyu, wurin ba wani ado, kujerun jira ma sun tsufa. Likitar ta baje takarduna a tebur tana bi daya bayan daya da biro, sai ta dago ta ce, "Malam, ina naka awon?" Ya ce ba a taba nema ba. Ta ce kusan rabin matsalar ma'aurata akwai hannun namiji a ciki, ba za ta soka min allura ko daya ba sai an auna maniyyinsa, ya kaurace min kwana 2 zuwa 7 kafin ya kawo. Ni kuma awon jini na AMH don a ga yawan kwan da ya rage, da hoton HSG a ga ko bututun mahaifa a bude suke, ta ce watakila ma ba sai an kai ga IVF ba.

Adadin da ta ba mu bai kai na wancan ba, ta rarraba shi bisa shekaru, ta ce daga 35 yake fara sauka, bayan 40 ya fadi sosai, kuma ba ta alkawari, tana iya kokarinta ne sauran na Allah. Ta zana mana aikin, allurai kullum na kamar kwana 10 zuwa 12, sikanin duk bayan kwana biyu ko uku, allurar karshe sai a ciro kwai bayan kamar awa 36, a hada shi da maniyyi, ya yi kwana 3 zuwa 5 a dakin gwaji, a mayar, a jira kusan sati biyu a auna. Nan maigida ya kalle ni, duk mun gane hanyar nan ba ta jeka-ka-dawo ba ce, sai dai mu tare kusa.

Na roki a nuna min dakin gwajin, ta tagar gilashi aka bari muka leka. Na ga ma'aikata biyu, daya na karanta sunan da ke jikin dan faranti dayar na dubawa a takarda tana sa hannu, haka suke a kowane mataki don kar kwan wata ya hadu da na wani, kuma wannan shi ne tsoron da na dade ina boyewa. Ga tankunan da ake daskarar da ragowar kwai a sanyin digiri 196 kasa da sifili, na tambayi idan wuta ta dauke fa, aka nuna min batiran da ke rike da injinan.

An rubuta mana kudin komai a takarda daya har da magani da ajiya. Kafin mu fita maigida da kansa ya je ya sa ranar awonsa, nawa na jini sai rana ta 2 ko 3 da zuwan al'ada. A hanyar komawa na kira yayata na ce, Yaya ki fara shiri, idan an fara allurai ke za ki zauna da ni, don shi aiki ba zai bar shi ya yi sati biyu a can ba.