Abin da katin memori ya koya mini kafin Raspberry Pi ɗina ta tashi

Wani abokina ne ya ba ni Raspberry Pi 4 kyauta bayan ya sayi sabuwa. 'Yar kwamfuta ce da duk kayan cikinta suke kan faranti ɗaya, girmanta kamar katin ATM. A Ingila aka fara sayar da irinta a 2012 don yara su koyi rubuta manhaja, ita kuwa ta 4 ɗin a 2019 ta fito. Burina shi ne in ɗora mata Kiwix, manhajar da ke buɗe kwafin Wikipedia ba tare da intanet ba, ta yadda ɗaliban da nake koyarwa da yamma za su riƙa karanta Wikipedia a wayoyinsu ba tare da sun sayi data ba. Abin da ban sani ba, kwamfutar ba ta da rumbun ajiya a cikinta. Ɗan katin memorin nan da ake soka mata a ƙasa, a kansa komai nata yake. A yadda nake amfani da ita, in babu shi, ko ya samu matsala, ba ta da maraba da murfin kwalba.

Na sauke Raspberry Pi OS, wato tsarin aikin da ke tafiyar da ita, da daddare lokacin da data ke araha. Da safe na ɗauki fayil ɗin na jefa a kati, kamar yadda muke tura karatu ko waƙa, na soka, na kunna. Jar fitila ta kama, amma kwamfutar ta ƙi tashi. Na yi haka sau uku, kowane karo sai na sake yi wa katin fomat, ina zaton datti ne a ciki.

Laifin wani tsohon bayani ne da na karanta, wanda aka rubuta a zamanin NOOBS, tsohuwar manhajar ɗora wa Pi tsarin aiki. Ita NOOBS, da ta fito a 2013, lallai haka ake yi mata: a yi wa kati fomat ɗin FAT32, a kwafa fayilolinta ciki. A nan ma mutane da dama suka sha wahala, domin katin da ya wuce gig 32 da wani nau'in fomat daban, exFAT, yake zuwa daga kamfani, tagar fomat ta Windows kuma ba ta ba ka zaɓin FAT32 a kan babban kati. Na ɓata yammaci guda ina neman manhajar da za ta tilasta wa katina mai gig 64 ya koma FAT32, ashe ba na ma buƙatar hakan.

Fayil mai ƙarewa da .img, irin wanda na sauke, wanda masu harkar ke kira imej, kwafin kati ne sukutum, tun daga ɗigon farko har na ƙarshe, har da taswirar yadda aka raba shi. Tura fayil kamar ka ajiye buhu ne a ɗaki. Rubuta imej kuwa rushe gidan ake yi a sake gina shi daga tushe bisa wani zane. To me amfanin sharar ɗakin da za a rushe? Duk fomat ɗin da na yi ta yi aikin banza ne. Da na gane haka sai na sauke Raspberry Pi Imager, wadda aka fitar a 2020, na zaɓi tsarin, na zaɓi katin, ta rubuta, ta kuma bi ta tantance abin da ta rubuta. A cikinta ne ake sa sunan mai amfani da kalmar sirri da bayanin wayfay, domin tun Afrilun 2022 aka daina ba kowa tsohon sunan nan "pi" kai tsaye.

Ina cire katin na mayar, sai Windows ta fito da saƙo wai sai an yi wa faifan fomat kafin a iya amfani da shi. Ni kuma da saurin hannu na danna. Shi ke nan, na goge aikin da na gama yanzun nan. Imej ɗin kashi biyu yake raba kati: ƙaramin sashe na FAT32 mai ɗauke da fayilolin tashi, da babban sashe na ext4 inda tsarin aikin kansa, wato Linux, yake zaune. Windows ba ta iya karanta ext4, don haka take ɗauka wurin ya lalace. Amsar wannan saƙo kullum ita ce a'a.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na gaba. Na duba katin a kwamfuta sai na ga yana nuna 'yan megabait ɗari kaɗan, alhali gig 64 na biya. Na hau babur na koma kasuwa raina a ɓace.

"Alhaji, wannan katin jabu ka sayar mini."

Ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Malam, me ka sa masa?"

Na faɗa masa. Sai ya miƙa wa yaron shagonsa, yaron ya soka a laftof, ya buɗe wurin da ake ganin rabe-raben faifai, ya juyo mini da allon. Ga gig ɗina nan cif, ƙaramin sashen kawai Windows take nuna mini. Na ba da haƙuri, Alhaji ya yi dariya ya ce ba ni ne farau ba. Mai son mayar da irin wannan kati yadda yake a da, SD Card Formatter ta ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin katin SD tana yi, Imager ma tana da zaɓin gogewa.

Jabun na gaskiya daga baya na haɗu da shi, kuma kwaɗayina ne ya ja mini. Na ga kati mai gig 128 a hannun wani mai talla a rabin kuɗinsa, na ce na tsinci dami a kala. Ya karɓi imej lafiya, ya tashi lafiya. Sai da na fara zuba manyan fayilolin Kiwix ne abubuwa suka riƙa lalacewa. Irin waɗannan katunan an sauya musu bayanin da suke ba kwamfuta ne, su ce su manya ne, in rubutu ya wuce ainihin girmansu sai ya ɓace ko ya hau kan na baya. Wata manhajar gwajin kati mai suna H2testw ce ta tona asirinsa. Cika katin take yi da bayanai ta sake karantawa, ta nuna mini abin kirkin da ke ciki bai kai gig 8 ba. Gwajin yana cin sa'o'i, amma yanzu ba na ɗora komai a sabon kati sai na yi shi. A Linux akwai F3 mai irin wannan aiki. Ina kuma duba alamar A1 a jikin kati, wadda ke nuna yana da sauri wajen ƙananan rubuce-rubuce, domin tsarin aiki ƙananan rubuce-rubuce barkatai yake yi, ba dogon rubutu irin na bidiyo ba.

Sai maganar wuta. Sau biyu ana ɗauke ta kwamfutar na tsakiyar rubutu, katin ya rikice ya ƙi tashi. Caja ma da nata: Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3, cajar wayata kuwa ba ta kai ba, sai gargaɗin ƙarancin wuta ya yi ta fitowa a allo. Na sayi caja mai ƙarfi, na haɗa ta da ƙaramin batirin sola, na kuma kunna wani zaɓi na raspi-config, manhajar saitin Pi, da ke hana rubutu a kan katin, tunda ɗalibai karatu kawai suke yi.

Da komai ya daidaita, na kwafe katin gaba ɗaya zuwa fayil guda da umarnin dd na Linux. Shi dd ba ya tambayarka ko ka tabbata. Ka rubuta sunan faifan da ba shi ba, misali sda a inda ya kamata ka rubuta sdb, to rumbun laftof ɗinka ya tafi. Sai na buga lsblk, umarnin da ke jera sunayen faifai, kafin in soka katin, in sake bugawa bayan na soka, in ga wane suna ne ya ƙaru, sannan in danna. Daga wannan fayil na rubuta kati na biyu, na sa shi a gwangwanin alawa a aljihun tebur. Makon jiya da na farkon ya ƙi tashi ana dab da fara darasi, wata ɗaliba ce ta buɗe gwangwanin ta sauya shi kafin in gama alwalar la'asar.