Talata, a garken raguna

Tun bayan asuba muke garke. Raguna ashirin ne, za mu gwada musu sabon haɗin abinci mu ga ko ya fi dusa da harawar da aka saba turka da su. Awo a sikeli bai ɗau lokaci ba. Abin da ya kai mu hantsi shi ne jera su bibbiyu: Balami da Balami, Yankasa da Yankasa, nauyi kusan ɗaya, shekaru kuma sai an buɗe baki an duba haƙori. A kowane biyu, ɗaya zai ci sabon haɗi, ɗan'uwansa ya zauna kan tsohon. Ranar awon ƙarshe, ƙibar da wannan ya ƙara za a cire daga ta abokinsa, mu tashi da lambobi goma. Bambancin iri da na shekaru ya riga ya fita daga lissafi.

Rigima ta taso wajen ƙuri'a. Da ƙyar ma aka samo tsohuwar kwandalar da za a jefa. Baba mai kula da garken ya nuna wani da ya ɗan rame, ya ce, "Ɗana, wannan ai shi ya fi buƙata, a ba shi kawai." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, kwandala ce za ta raba."

Irin tausayin nan ne ya ɓata gwajin madara na Lanarkshire a Sikotland a 1930. Yara 'yan makaranta 20,000 aka sa, rabinsu ana ba su madara, wasu ɗanya, wasu wadda aka dafa. Da aka bar wa malamai damar gyara rabon, sai marasa ƙoshi suka fi yawa a ɓangaren madara, tun ba a fara ba ɓangarorin sun bambanta. William Gosset, masanin lissafin kamfanin Guinness, ya rubuta a 1931 kan wannan gwajin cewa tagwaye masu kama ɗaya, haihuwa 50, wato yara 100, sun isa a kwatanta ɗanyar madara da wadda aka dafa, da kuɗi ƙalilan. A wurina, wannan ta fi duk abin da aka koya mana a aji shiga kai.

Kwandala ta faɗi, ramammen bai samu ba. Baba ya yi tsaki ya ɗaure shi a turkensa.

Da la'asar na ji wani Balami yana tari. In ya mutu, shi da abokinsa duka sun fita daga lissafi. Na kira likitan dabbobi, ya ce sai gobe da safe.