Sunan Wa Ake Ɗaukakawa a Ranar Godiyar Girbi?

Idan kaka ta yi, an zuba dawa da gero a rumbu, kuɗin auduga kuma sun fara shigowa hannu, ikkilisiyoyinmu na Garwa da Marwa a arewacin Kamaru da ƙauyukan kewaye sukan ware Lahadi guda domin godiyar girbi. Al'ada ce mai kyau, amma wani abu ya kutsa cikinta wanda yake damuna ƙwarai. A wasu majami'u mai sanarwa yakan kira sunan mai bayarwa da muƙaminsa, ya faɗi yawan sefar da ya ajiye, jama'a su tafa, na bayansa kuma ya ƙi yarda a fi shi. Kafin a ankara, mai sanarwa ya zama tamkar maroƙi a gidan biki, ita kuwa gwauruwar da ta kawo kwanon gyaɗa guda ta koma kujerarta da kunya, alhali godiya ta zo yi wa Allah.

Ba rubuta baiko nake suka ba, domin riƙon amana yana bukatar lissafi. Manzo Bulus kansa, a 2 Korantiyawa 8, ya haɗa kai da amintattun 'yan'uwa wajen kai gudummawa Urushalima don kada wani ya sami abin zargi. Abin da nake tsoro shi ne halin da Ubangiji Yesu ya yi gargaɗi a kansa a Matiyu 6, inda ya ce masu busa ƙaho lokacin ba da sadaka sun riga sun karɓi ladansu. Hananiya da matarsa Safiratu ma, waɗanda a Ayyukan Manzanni 5 suka ɓoye wani kashi na kuɗin gonarsu suka nuna kamar duka suka kawo, ba wanda ya tilasta musu sayar da ita, kuma Bitrus ya faɗa wa Hananiya cewa gonar da kuɗinta duk a hannunsa suke. A fahimtata, sun ga yadda Barnaba ya sayar da tasa ya kawo kuɗin gaban manzanni, sai suka yi kwaɗayin irin sunansa ba tare da irin zuciyarsa ba.

Ko da yake ni ba ɗan Katolika ba ne, rayuwar Simon Mpeke, wanda mutanen duwatsun Mandara suke kira Baba Simon, takan tsaya mini a rai. Yana cikin 'yan Kamaru takwas na farko da aka naɗa firistoci a 1935, ya kuma shugabanci babbar ikkilisiyar New-Bell a Duwala, inda girma da suna suke a tafin hannunsa. A 1959 ya bar wannan duka ya tafi arewacin ƙasar, ya kuma tare a Tokombere, kusa da Mora, yana hawan duwatsu ba takalmi domin ziyartar mutanen da ake rainawa, yana sauraron dattawansu, yana roƙon iyaye su sa yara a makaranta. Ya rasu a 1975, sai a 2023 Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa. Shaidar ta zo daga bakin wasu, bayan shekaru kusan 50 da mutuwarsa.

Roƙona ga fastocinmu da dattawan ikkilisiya shi ne su sake duba tsarin wannan rana. Kowa ya sa baikonsa a ambulan, a tara hatsi wuri guda ba tare da kiran suna ba, ma'aji da dattawa biyu su ƙirga su rubuta, sannan a sanar da jimilla kawai da aikin da za a yi da ita. Na san wasu za su ce abin da ake samu zai ragu, kuma mai yiwuwa ne ya ragu a shekarar farko. Duk da haka ina roƙon a gwada a kakar bana.