Rijistar makaɗa: abin da tebur ɗin al'adu ya koya mini

Duk wanda ya taɓa aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ya san inda ake ajiye jami'in al'adu. Tebur ɗaya ne a ƙuryar sashen ilimi da walwalar jama'a, tsakanin mai kula da wasanni da mai raba kayan tallafi. Ba a tunawa da shi sai gwamna zai zo buɗe asibiti, ko ciyaman zai aurar da 'ya, sai a aiko masinja a ce a nemo makaɗa kafin la'asar. A wannan tebur na zauna har aka ɗauke ni daga kansa. Yanzu da na ajiye aikin gaba ɗaya, abokan da na bari a ciki sun matsa in rubuta wani abu saboda masu tasowa. Ba zan faɗi sunan ƙaramar hukumar ba. Ƙananan hukumomi 5 ne a masarautar Daura, kowa ya san kowa.

Abin da ba a gaya wa sabon jami'i shi ne aikinsa ba shi da gindi a doka. Ka buɗe jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Za ka ga kasuwa, tasha, mayanka, maƙabarta, rijistar haihuwa da mutuwa da aure, sa wa tituna suna, har da lasisin keke da amalanke. Ba za ka ga kiɗa ba, ba za ka ga dambe ko rini ko saƙa ba. Saboda haka duk abin da aka ware wa al'adu a kasafin kuɗi alfarma ce, kuma shi ne layin farko da ake sokewa idan kason wata ya zo a gajarce daga asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Hawan Sallah da hawan Magajiya da Sallar Gani kuwa na fada ne. Mu namu shi ne yayyafa wa hanya ruwa da kafa rumfar baƙi.

A ƙarshen 2022 aka yi bikin al'adu na ƙasa, NAFEST, a Legas, aka sa sunana cikin masu raka tawaga. Abin da ya tsaya mini a rai daga wannan tafiya ba a filin bikin na gan shi ba. Na saci jiki na tafi Badagry, garin bakin teku da ke kan hanyar Seme, iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Ba wani gari ne mai ƙyalli ba, hanyar ma ta jijjiga mu. Amma na ga yadda ɗan abin da suke da shi yake ciyar da mutane. Ga gidan benen nan na 1845 da 'yan mishan suka gina, wanda suke kira bene na farko a Najeriya. Ga gidan tarihi a tsohon ofishin Turawan mulki na 1863. Ga sarƙoƙin bayi a hannun zuriyar gidan Mobee, su ke riƙe da kayansu, su ke nuna wa baƙo. Ga masu kwale-kwale suna tsallakar da mutane zuwa Gberefu, inda aka riƙa loda bayi a jiragen ruwa. Samari sun haddace tarihin garinsu suna bin baƙi da bayani, kuma da shi suke cin abinci. Mutanen Ogu, 'yan asalin yankin, suna da gangar Sato wadda ta fi mutum tsawo, da dodon Zangbeto mai lulluɓe da zaren tukurwa, kuma bikin garin yana da lokacinsa sananne a watan Agusta, mai son zuwa ya san yaushe zai shirya. A can Kalaba ma haka abin yake, tun da gwamna Donald Duke ya fara bikinsu a 2004 kowa ya san Disamba nasu ne, masu otal da teloli da direbobi suna lissafi da shi tun farkon shekara. Wancan na gwamnatin jiha ne, kuɗinsa ba irin namu ba ne, amma tsayar da rana ba ya cin ko sisi.

Na dawo kaina na hayaƙi. Mu ma fa a bakin iyaka muke. Mutanen Damagaram suna shigowa ta Kongolam kullum. Muna da rijiyar Kusugu da labarin Bayajidda da Daurama, wanda ko yaron firamare a Sakkwato ya san shi. Na rubuta takarda na ce kafin a yi maganar biki, a fara sanin su wa muke da su. Shugaban sashenmu ya karanta, ya ce, "Madalla, Malam, irin wannan tunanin muke so." Bai ba ni ko litar mai ba, amma ya sa hannu.

Da babur ɗina na yi aikin, a ranin da aka yi ƙarancin takardun naira, lokacin da mutum yake da kuɗi a banki amma ba ya iya sayen ƙosai. Na bi dagatai da masu unguwanni, na bi Sarkin Makaɗa da Sarkin Dambe da Sarkin Maƙera na kowane gari. Na rubuta masu kalangu da masu gangar noma, masu gurmi da kukuma, mata masu kiɗan ƙwarya, 'yan tauri, 'yan kama, dukawa, masaƙa da 'yan marinan da suka rage. Kowa da sunansa, garinsu, wanda ya koya masa, da ko yana da yaron da yake koyo a hannunsa. Wannan layin na ƙarshe shi ya fi tayar mini da hankali, don galibi babu kowa. Dalilin a fili yake. Gayya ta mutu tun da maganin feshi da ƙwadago suka maye gurbinta, gangar noma ta bi ta. Gidan biki ya koma hannun mai lasifika da kwamfuta. Yaron makaɗi ya ga ana kiran ubansa maroƙi da wata irin murya, ya gwammace ya ja babur.

Akwai wani dattijo mai gangar noma da na samu a zaurensa. Gangar na rataye a bango, fatar gefe ɗaya ta tsage, gara ta fara cin bakin icen. Da na ce daga ƙaramar hukuma nake, ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, haraji ne ya dawo?" Na ce, "A'a Baba, so ake a san da ku." Ya sa aka sauko da ita, ya kife ta a cinya, ya buga mini taken wani manomi da ya rasu tun ina goye, da gefen da bai tsage ba. Hannunsa na rawa wajen karɓar kofin ruwa, amma a kan fata bai yi rawa ba. Ya ce in dai da gaske ne, a saya masa fata da tsarkiya kawai, sauran aikin nasa ne. Na ce masa in sha Allahu. Da bakina na faɗa.

Na miƙa rijistar a cikin fayil mai kyau. Watanni shiru. Sai bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, komai ya yi tsada, kwatsam aka ce an sahale a yi ranar al'adu ta ƙaramar hukuma. Na ji labarin ne a bakin direban ciyaman. An kafa kwamiti, shugaban sashenmu ne sakatare, ni kuma aikina "haɗa kan makaɗa". Takardar da aka kai sama tawa ce kalma da kalma, har da kuskuren da na yi wajen rubuta sunan wani ƙauye, sai dai sunan da ke ƙasa ba nawa ba ne. Wannan bai dame ni sosai ba, haka aikin gwamnati yake, na ƙasa ya rubuta na sama ya sa hannu. Abin da na nema a ciki, wato gyaran kayan kiɗa da ɗan alawus na wata-wata ga duk dattijon da ya ɗauki almajiri, shi aka cire. Aka bar rumfuna, kujeru, janareto, anko na 'yan kwamiti, abincin manyan baƙi da kalanda mai hoton ciyaman.

Ranar ta zo, na tara mutanena tun hantsi. Babban baƙo bai iso ba sai bayan la'asar. Suna zaune a rana bayan rumfa, ruwan leda ma sai da na saya da kuɗina. Jawabai suka cinye lokaci, aka ba kowace ƙungiya abin da bai fi a zagaya fili sau ɗaya ba. Dattijon nan ya zo da gangar aro. Bai kai ga gama take ɗaya ba mai gabatarwa ya karɓe lasifika.

Bayan magariba aka kira su bayan ofishin ma'aji ɗaya bayan ɗaya. Akawu na zaune da takarda an naɗe gefenta na dama, yana kama babban yatsan mutum ya danna a tawada ya danna a takarda, ya miƙa masa naira dubu 2. Ni na tsaya a ƙofa ina kiran suna, don ni suka sani. Da aka gama, iska ta buɗe naɗin, na ga abin da ke gaban kowane suna: dubu 20. Kuma sunayen da ke takardar sun ninka waɗanda suka zo. Duk rijistata ce aka juye, har da matan da ke cikin kulle waɗanda ban ma gayyata ba, an dangwala musu yatsa.

Washegari na shiga ofishin shugaban sashenmu na rufe ƙofa. Na ce, "Yallaɓai, mutanen nan ni suka yarda da ni suka ba ni sunayensu." Bai ɗago daga jaridar da yake karantawa ba. Ya ce, "Malam, kai kaɗai ne mai tsoron Allah a gidan nan? Ka san hannu nawa takardar nan ta bi kafin ta fito? Maroƙa ne fa. Ko dubu 2 ɗin ba su saba gani ba." Ya jawo durowa ya turo mini ambulan. Na bar ta a kan teburinsa. Ba na faɗi haka don a yaba mini ba, a lokacin ana bina bashin kuɗin makarantar yara, kuma na yi tunanin ambulan ɗin nan fiye da sau ɗaya a daren.

Cikin makon aka ba ni takardar tuhuma, wai na fita yawon ƙauyuka ba da izini a rubuce ba, yawon da shi ya sa wa hannu. Fayil ɗin da izinin ke ciki ya ɓata. Aka mayar da ni sashen karɓar kuɗin shiga, ina yankan rasit a tashar mota. Abokan aiki suka riƙa zuwa da dare suna ba ni haƙuri, da rana kuma su wuce ni kamar ba su san ni ba. Ban riƙe su ba, kowa da iyalinsa.

Wanda ya fi mini ciwo shi ne ranar kasuwa da na haɗu da dattijon a tasha. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da sakin fuska, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Ɗan nan, an ce kun sha kuɗi da sunanmu. Allah ya sa albarka." Ba da faɗa ya faɗa ba. Na rasa ta inda zan fara, don in na ce ba ni ba ne, to wa ya zo zaurensa, wa ya kira sunansa a ƙofa? Fatar da tsarkiyar na saya masa daga albashina daga baya. Ya karɓa ya yi godiya, amma bai ƙara buga mini komai ba.

Ga wanda zai zauna a tebur ɗin bayana, ga ɗan abin da zan iya cewa. Kada ka miƙa jerin sunayen mutane ba tare da ka riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata ba. Kada ka yi wa mai sana'a alkawari da kuɗin da ba a aljihunka yake ba. Ka dage a biya kowa ta asusunsa ko na ɗansa, yanzu ko a ƙauye akwai mai POS. In an ce ka zaɓa tsakanin biki ɗaya babba da fatar ganga goma, ka san wanda zai kai baɗi. Ka yi zumunci da fada da hakimai, su suka riƙe makaɗa tun kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kuma su za a samu bayan wa'adin kowane ciyaman ya ƙare. Izini kuma, ko na zuwa bayan gari ne, ka ɗauki hotonsa a waya.

Na ji murnar da aka yi ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Hukunci ne mai kyau, ina goyon bayansa. Sai dai dubu 18 ɗin da suka ɓace tsakanin takarda da tafin hannun dattijon nan ba a Katsina suka ɓace ba, ba kuma a Abuja ba. A bayan ofishin ma'aji suka ɓace, ina tsaye. A watan Disambar shekarar UNESCO ta sa hawan dabar Kano cikin jerin al'adun duniya, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016, nan take aka fara kiran taro a sakatariyoyi ana maganar yawon buɗe ido. Ina jin su daga nesa.

Shi shugaban sashen namu an ƙara masa girma, yanzu yana wata ƙaramar hukumar. Rijistar tana nan inda ya bar ta. Wani abokina a ofishin ma'aji ya gaya mini bara ma da ita aka fitar da kuɗin ranar al'adu, kuma a cikin waɗanda suka dangwala yatsa akwai mutum biyu da ni da kaina na halarci jana'izarsu.