Tsamin ƙasa a gonarmu ta hanyar Zango

Shekara uku a jere muna ƙara yawan yuriya a gonarmu ta gado da ke kan hanyar Zango daga Daura, amma damman geron da muke ɗaurewa da kaka sai raguwa suke yi. Baffana, wanda ya fi shekara hamsin yana noman wannan jigawa, ya tuge wani gindin dawa da ya tsumbure, ya nuna mini saiwoyinsa gajeru masu kauri, ya ce, "Ɗana, ƙasar nan ta gaji, kuma ba buhu ne zai raba ta da gajiyar ba." Maganarsa ce ta sa na ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban na gonar na kai aka auna, sakamakon kuwa ya nuna cewa gefen da muka fi zuba wa taki shi ne ya fi tsami.

Ana auna tsamin ƙasa da ma'aunin pH, inda 7 take tsaka-tsaki, kuma duk saukar mataki ɗaya tana nufin tsamin ya ninka sau goma. Idan awon ya faɗi ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam da ke cikin ƙasa yakan narke ya hana saiwa miƙewa, sannan ya haɗu da ƙarfe su riƙe fosfaras, ta yadda manomi zai zuba takin sufa ko kamfa, masu ɗauke da fosfaras, da kuɗinsa amma shuka ba za ta samu sai kaɗan ba. Ƙasarmu ba ta kai ta kudancin Nijeriya tsami ba, domin can ruwan sama mai yawa ne yake wanke ta, mu kuwa har ƙurar hunturu tana kawo mana ɗan kalsiyam kowace shekara. Rauninmu shi ne rairayi, wanda ba shi da laka ko ruɓaɓɓen ganyen da zai tare tsamin da yuriya take bari bayan ƙwayoyin halittar ƙasa sun sarrafa ta. Gwajin da aka fara a Samaru ta Zariya tun 1950, ana kwatanta kashin shanu da takin zamani a filaye guda shekara da shekaru, ya nuna cewa takin naitirojin, wato dangin yuriya, shi kaɗai yana tsamama ƙasa, amma haɗa shi da kashin dabbobi yana rage wannan illa.

A ganina laifin namu ne fiye da na buhun. Muna kwashe kara don danni da girki, mu ɗaure harawa mu sayar, mun daina barin saura, Fulanin da a da suke sauka a gonar da rani su bar mana taki su ma sun rage zuwa. Hausawa sun ce kanwa ta kar tsami, amma wannan a tukunyar yakuwa ne. A gona gishirin kanwa ɓata ƙasa yake yi. Abin da ya dace shi ne garin farar ƙasa na noma, a gauraya shi da ƙasa makonni kafin shuka, kuma a jigawa kaɗan ake sawa, domin idan ya yi yawa yakan hana shuka samun sinadarin zink da take buƙata.

Bana mun fara da abin da ke hannunmu. Tokar murhun gidaje uku muka tara tun daga kaka, domin ita ma tana rage tsami, muka haɗa da amalanke takwas na takin awaki da tumaki, muka baza a gefen da ya lalace, muka kuma raba yuriyar kashi biyu maimakon zubawa lokaci guda. Wake da gyaɗa za su karɓi rabin filin. Baffa kuma ya kewaye 'yan gawo huɗu da suka tsiro a bakin iyaka da ƙaya, ya gargaɗi yara kada wanda ya kai musu fartanya.