Daga Napoli zuwa Toulon: Bin Sawun Masu Auna Teku

Ginin yana tsakiyar wani lambu da ake kira Villa Comunale, 'yan taku kaɗan daga bakin ruwa a birnin Napoli na Italiya. Fari ne, ba shi da wani girma na a zo a gani, kuma masu shan iska a lambun yawancinsu wucewa suke yi ba su ko ɗaga kai. Shi na zo gani. Daga nan kuma na yi niyyar hawa jirgin ƙasa in bi gaɓar Bahar Rum har Toulon a Faransa, domin a ɗan tsakanin nan akwai wurare da dama inda ilimin teku ya yi rarrafe kafin ya miƙe da ƙafarsa.

Wani Bajamushe masanin dabbobi, Anton Dohrn, ya kafa wannan tashar binciken halittun teku a 1872. Ya lura cewa mai nazarin halittun ruwa ba zai yi nisa ba muddin gawarwaki kawai ake aika masa cikin kwalba zuwa wata jami'a da ke nesa da teku. Sai ya gina ɗakunan bincike a sama, ya sa gidan kifaye a ƙasa, wanda aka buɗe wa jama'a a 1874 don kuɗin ƙofa ya tallafa wa aikin. Ya kuma fito da wata dabara: jami'a ko gwamnati ta biya hayar tebur na shekara guda, ta turo masaninta, ya iske ruwan teku da kayan aiki da halittu masu rai suna jiransa. A irin waɗannan tebura ne Theodor Boveri ya yi ta aiki da ƙwan bushiyar teku, har ya nuna a farkon ƙarni na 20 cewa kowane kuromosom, wato ɗan zaren da ke cikin ƙwayar halitta, da irin rabon gadon da yake ɗauke da shi. Ke nan wani babban ɓangare na abin da muka sani game da gadon halitta daga ruwan wannan gaɓa aka ɗebo shi.

Cikin gidan kifayen akwai duhu da sanyi. Na daɗe a gaban tankin oktofus, halittar nan mai hannaye takwas, ina kallon yadda take sauya launi tana lallaɓa dutse. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana bene. A wani ɗaki akwai zanen bango da Hans von Marées ya yi a 1873, kuma waɗanda suka cika bangon masunta ne, suna tuƙi, suna ɗaukar taru. Mai zanen ya ga gaskiya. Masanin da ya sauka daga Jamus ko Rasha bai san ramin da wace halitta take kwana ba, bai san watan da take zuba ƙwai ba. Masuntan Napoli ne suka sani, su ne kuma ke kawo kamun safe kullum. Daga cikin 'yan garin aka sami Salvatore Lo Bianco, wanda ya shiga tashar yana yaro ɗan shekara 14, ya zama gwanin adana halittu masu laushi ba tare da sun ƙanƙance ko sun rasa siffarsu ba, har gidajen tarihi na ƙasashe da yawa suka riƙa sayen aikinsa. Ya kuma rubuta lokutan haihuwar dabbobin wannan ruwa, rubutun da masana suka daɗe suna dogaro da shi. Sunan Dohrn ne a kan tashar, kuma ya cancanta. Sai dai ni a ganina ba a faɗin na Lo Bianco yadda ya kamata.

Bayan an wuce birnin Rum, layin dogo yana komawa bakin teku a Civitavecchia. A ruwan da ke gaban wannan gari ne, a 1865, wani limamin Katolika masanin taurari mai suna Angelo Secchi ya hau jirgin ruwan Fafaroma, ya ɗaura farin faifai a igiya, ya riƙa sakinsa cikin ruwa har ya ɓace wa ido, sannan ya auna tsawon igiyar. Iyakar na'urar ke nan. Da ita ake gane garai-garai ɗin ruwa, wanda ke nuna yawan ƙananan tsirrai da laka da ke cikinsa. Har yau ana amfani da faifan Secchi, kuma da yake salon bai canza ba, ana iya ɗaukar awon da aka yi shekara ɗari da suka wuce a jera shi da na bana a ga abin da ya sauya. Na'urori masu tsada da yawa ba su da wannan darajar, don kafin a tara awon shekara ashirin an riga an daina ƙera su.

Daga tagar jirgin ana hango manyan jiragen fito masu zuwa tsibirin Sardiniya, abin da ya tuna mini da wata tsohuwar gardama. A 1843 Edward Forbes, bayan ya yi ta jan raga a Tekun Aegean yana ganin halittu na raguwa gwargwadon zurfi, ya yanke cewa ƙasa da gaba 300, wato wajen mita 550, babu mai rai. Maganar ta shiga kunnen mutane don ta yi kama da hankali: ba haske, ga sanyi, ga nauyin ruwa. Sai a 1860 wayar tangaraho da aka shimfiɗa tsakanin Sardiniya da gaɓar Aljeriya ta lalace. Da masu gyara suka jawo ta daga zurfin da ya kai mita 2,000, sai ga murjani da wasu halittu sun manne a jikinta, sun yi gida. Ma'aikatan waya ne suka fito da hujjar, masana suka duba suka tabbatar.

Daga La Spezia zuwa Genoa rabin tafiyar cikin ramukan dutse ake yi, teku ya leƙo ya ɓace. Na sauya jirgi a Ventimiglia, bakin iyakar Faransa, ba da jimawa ba muka tsaya a tashar Monako, wadda ita ma a cikin dutse aka haƙa ta.

Gidan tarihin teku na Monako ya saɓa da na Napoli ta kowace fuska. An manna shi a jikin tsauni, bangonsa ya tashi mita 85 daga ruwa, an shekara 11 ana gininsa kafin a buɗe a 1910. A saman bangon an sassaƙa sunayen jiragen ruwan bincike, kuma wanda idona ya fara nema shi ne Challenger. Wannan jirgin yaƙin Ingila ne da aka cire wa yawancin bindigoginsa aka mayar da gurabensu ɗakunan gwaji. Ya bar Portsmouth a Disambar 1872, bai dawo ba sai Mayun 1876, bayan tafiyar sama da kilomita 127,000. Ya tsaya a wurare 362, a kowanne a auna zurfi, a auna sanyin ruwa, a ɗebo ruwa da laka, a ja raga. An samo halittu wajen 4,700 da ba a san su ba, rahoton kuma ya cika littafi 50, ba a gama buga shi ba sai 1895.

Duk wannan da igiya aka yi shi. A ɗaura nauyi, a saki, mutum ya tsaya da agogo yana lura da saurin fitar igiyar, in ta rage gudu a san an taɓa ƙasa. Awo guda kan ci sa'o'i, jan raga kuwa kan cinye yini, wani lokaci a jawo ta a tarar ta juye ko ta tsinke. A Maris na 1875, kusa da tsibiran Mariana a Tekun Fasifik, igiyar ta yi ta tafiya har gaba 4,475, sama da mita 8,000, suka sake awon don ba su yarda ba. Masana shida ne a jirgin, ma'aikata kuwa sun haura ɗari biyu, kuma da yawansu sun gudu a tashoshin da aka yada zango saboda gajiya da wannan aiki. Ban ga laifinsu ba. Shekara uku da rabi mutum yana jan laka daga wurin da ba zai taɓa gani ba, ba a ko gaya masa amfaninta.

Wanda ya gina gidan, Yarima Albert na ɗaya, mai sarautar Monako, shi kansa matuƙin jirgi ne. Ya yi fita 28 ta bincike tsakanin 1885 da 1915. A ɗakin da aka jera kayan aikinsa akwai tarkuna da raguna da kwalaben ɗibar ruwa, har da irin abubuwan da ya riƙa jefawa a Tekun Atlantika, sama da 1,600, kowanne da takarda a ciki mai roƙon wanda ya tsinta ya aiko da labarin wuri da rana. 'Yan ɗaruruwa kaɗan suka dawo, daga hannun masunta da mazauna gaɓa, amma sun isa a zana yadda ruwan arewacin Atlantika yake kewayawa. A jirginsa ne kuma, a 1901, Charles Richet da Paul Portier suka fara nazarin dafin wata halitta mai yawo a saman ruwa da dogayen zare masu harbi. Suna neman rigakafi ne, sai aikin ya kai su ga akasinsa: jikin da ya taɓa haɗuwa da dafin kan yi mummunan bori a karo na biyu, ko da ɗan kaɗan ne. Abin da likitoci ke kira anafilaksis ke nan, kuma a kansa Richet ya sami kyautar Nobel a 1913.

Albert ne ya ɗauki nauyin taswirar zurfin tekunan duniya ta farko da aka fitar a 1905. Wanda ya tsaya gabanta zai ga layuka masu santsi, kamar an san komai, alhali awo 'yan dubbai ne aka baza a kan fiye da kashi biyu cikin uku na doron duniya, sauran kuwa cike gurbi ne. Sai da na'urar auna zurfi da amsa-kuwwa ta zo aka fara ganin ainihin siffar ƙasan teku. Ko a nan ma, wadda ta gano tsagin da ya raba tsaunukan tsakiyar Atlantika a 1952, Marie Tharp, a kan tebur ta gano shi a Amurka, tana jera awon da maza suka kawo, domin a lokacin ba a barin mata su hau jiragen binciken.

Toulon garin sojan ruwa ne, kuma abin da ya kawo ni na same shi a waje, kusa da tsohuwar hasumiyar Tour Royale a bakin mashigar tasha. Jirgin nutso ne, sunansa FNRS III. Sama dogon tanki ne, a ƙarƙashinsa an rataye dunƙulen ƙarfe mai faɗin mita biyu a ciki, inda mutum biyu ke takurewa. Auguste Piccard ne ya ƙirƙiro irinsa, mutumin da ya hau sama da mita 15,000 a balan-balan a 1931, kuma dabarar guda ce ya juya ta ƙasa. Ana cika tankin da fetur, saboda ya fi ruwa rashin nauyi kuma matsi ba ya murƙushe shi yadda yake yi wa iska. Ana ɗora tarin ƙwayoyin ƙarfe su ja jirgin ƙasa, maganaɗisu mai aiki da lantarki yana riƙe da su. In ana son tasowa sai a yanke wuta, ƙarfen ya zube, fetur ya ɗago jirgin. Wannan wurin ne ya fi burge ni: ko da batir ya mutu a can ƙasa, mutuwar tasa ita ce za ta saki nauyin ta dawo da mutanen sama. Wanda ya tsara haka ya san darajar rai.

A ranar 15 ga Fabrairun 1954, Georges Houot da Pierre Willm suka nutse da wannan jirgi zuwa mita 4,050 a Atlantika, can gaban Dakar. A wannan zurfi kowane santimita murabba'i na jikin dunƙulen yana ɗauke da nauyin da ya kai kilo 400. Na zagaya shi, na duba 'yar tagar da ba ta kai tafin hannu ba, wadda ta cikinta suka ga kifi yana yawo a hasken fitilarsu. Bayan shekara shida, wani jirgi irinsa mai suna Trieste ya kai Jacques Piccard da Don Walsh zurfin kusan mita 10,900 a ramin Mariana, yankin da igiyar Challenger ta fara nuna zurfinsa. Sun yi kusan awa biyar suna sauka, suka zauna minti 20, lakar da suka tayar ta hana su ɗaukar hoto.

Da yamma na hau ƙaramin jirgin fito na tsallaka zuwa La Seyne-sur-Mer, inda cibiyar binciken teku ta Faransa, Ifremer, take ajiye na'urorinta na nutso, cikinsu har da Nautile mai kaiwa mita 6,000. Yawancin awon yau babu mutum a wurin. Akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke yawo a tekunan duniya, kowace ta nutse zuwa mita 2,000, ta taso duk kwana goma tana auna zafi da gishiri, ta aika wa tauraron ɗan'adam, ta koma. Da su aka fi sanin yawan zafin da teku ke haɗiyewa. Duk da haka, ƙasan tekun da aka auna da kyau bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu da 'yan kai ba. Shi ya sa hukumar taswirar ruwa ta duniya, wadda hedikwatarta ke Monako tun 1921, take roƙon jiragen dakon kaya da na kamun kifi da na yawon shaƙatawa su riƙa adana abin da na'urar zurfinsu ta karanta a hanya, su aiko a haɗa. Jirgin fiton da nake ciki yana da irin wannan na'ura a gaban direba, na kuma matsa kusa na ga lambobin suna hawa suna sauka har muka isa gaɓa.