Godiya ga waɗanda suka tsaya min lokacin da gaɓoɓina suka sage

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau da safe na ɗauki almakashi na yanka yadi da hannuna ban cije leɓe ba, karo na farko cikin wata 7, shi ne na ce bari dai in zauna in rubuta godiyar nan da na daɗe ina ɗagawa, don a baya wayar ma riƙe ta aiki ne.

Ga wanda bai ji labari ba, zazzaɓi ne ya rufe ni farat ɗaya da ƙuraje a jiki, na ɗauka maleriya ce, aka gwada babu ita. Sai da aka sake ɗibar jini aka ce min wai chikungunya. Ƙwayar cutar bairos ce, sauron da ake kira Aedes ke yaɗa ta, mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo, shi ya sa gidan sauron da nake taƙama da shi da dare bai hana komai ba. Likita ta ce a Tanzaniya aka fara gano cutar a 1952, sunan kuma daga yaren Makonde yake, yana nufin mutum ya tanƙware. Ranar da na hango kaina a madubi ina tafiya a duƙe ina dafa bango na ce lallai mutanen nan sun iya raɗa suna.

Zazzaɓin bai wuce sati ba ya sauka, kowa ya yi min barka da arziki, ashe a nan aikin yake. Yatsu, wuyan hannu, idon sawu, duk suka sage. Da asuba in na farka sai in ji hannun kamar ba nawa ba, sai na yi kusan awa ɗaya kafin in iya dunƙule shi, in na sauko daga gado tafin ƙafa kamar na taka tsakuwa. Wani lokaci ya lafa kwana uku in ce shi ke nan, sai ya dawo sabo fil.

Maman yara, ke zan fara ambata. Ke kika riƙa saka min maɓallin riga, ke kike matsa min man goge baki a kan buroshi don murfin ma ya gagare ni, kullum da sassafe ga robar ruwan ɗumi a gaban gado in tsoma hannu, kuma ko sau ɗaya ban ga kin ɓata rai ba duk da faɗan banza da ciwo ya riƙa sa ni yi. Ki yafe min, Allah ya biya ki da gidan Aljanna.

Likitar da ta duba ni, na gode ƙwarai. Tun farko ta hana ni taɓa asfirin da ibuprofen, ta ce farasitamol kaɗai har sai an tabbatar ba dengi ba ce, wata cutar zazzaɓi da ita ma sauro ke yaɗawa, saboda in ita ce magungunan nan na iya jawo zubar jini. Bata ɓoye min ba, ta ce babu maganin da ke kashe bairos ɗin, kuma ciwon gaɓoɓin yakan kai watanni, wasu ma shekaru. Wallahi ranar ban ji daɗin maganar ba amma ita ta hana ni yawon neman maganin sha yanzu magani yanzu. Haka malamin da ke min gashin ƙashi, da ya ba ni 'yar ƙwallon roba ya ce in riƙa matsawa na raina abin, ya ce yawan kwanciya shi ke ƙara sagewar, a motsa a hankali. Gaskiyarsa.

Ƙanina da ya zagaye gida ya kifar da duk gwangwani da tsohuwar tayar da ruwa ke kwanciya a ciki don kada sauron ya samu wurin ƙyanƙyasa, da yaran da ke koyon ɗinki a wurina da suka riƙe aiki babu ha'inci, Allah ya yi muku albarka. Kwastomomin da suka yi haƙuri ma na gode.

Akwai waɗanda suka ce raki ne ko lalaci tunda babu rauni kuma ga ni ina cin abinci. Ya yi min zafi a lokacin, amma na yafe, ciwon da ido ba ya gani wuyar bayani gare shi. Shi ya sa waɗanda suka yarda da ni ba tare da sun ga komai ba suka fi tsaya min a rai.

Ban gama warkewa ba fa, wuyan hannun hagu har yanzu yana min gardama da safe, rabin yini kawai zan riƙa zama a kan keke tukuna. Masu ɗinki a wurina ku ƙara min haƙuri kaɗan, zan kira kowa ɗaya bayan ɗaya in sha Allahu.